Na'urar numfashi tana ceton rai, amma tana ramar da tsokar numfashi: dalilin da ya sa likitoci ke tashin marar lafiya da wuri

A sashen farfaɗo da marasa lafiya, wanda ma'aikatan asibiti a Nijar ke kira reyanimasiyo, ko "reya" a taƙaice, akwai wani abu da kan ɗaure wa dangi kai. Jiya an ce masu ɗan'uwansu ba ya iya numfashi da kansa, an zura masa tiyo a maƙogwaro, na'ura ce ke hura masa iska. Yau kuma sai su ji an rage masa maganin barci, an tashe shi, an jingina shi zaune, har an sassauta ƙarfin na'urar domin ya riƙa jan numfashi da kansa. Wanda bai san dalili ba zai ce garaje ake yi, ko kuma gadon ake so a ba wani. Galibi ba haka ba ne. Likitocin suna tsere ne da wata illa da ita kanta na'urar ke jawowa: tsokar da mutum ke numfashi da ita tana ramewa da zarar an ɗauke mata aiki, kuma ba ta jiran makonni. Cikin kwana ɗaya zuwa uku ramar ke farawa.

Tsokar da ba ta san hutu ba

Huhu ba ya jan iska da kansa. Kamar zugazugin maƙeri yake, sai wani hannu ya buɗe shi iska ke shiga. Wannan hannun shi ne wani faffaɗan tantani na tsoka da ya raba ƙirji da ciki. Mahauta sun san shi sarai, domin shi suke yankewa kafin su kai ga huhu da zuciyar dabba. Likitoci na ce masa diyafragam. A nan za a kira shi tantanin numfashi. Kaurinsa a jikin babban mutum bai wuce milimita biyu ko uku ba, amma shi ke ɗaukar mafi yawan aikin shaƙar iska. Idan ya matse sai ya sauka ƙasa, ƙirji ya buɗe, iska ta shiga. Idan ya saki sai ta fita. Yana yin haka sau 12 zuwa 20 a minti ɗaya, wato wajen sau dubu 20 a kwana ɗaya da wuni, tun daga ranar haihuwa, ko mutum na barci ko yana farke. Umurnin yana zuwa masa daga ƙwaƙwalwa ta wasu jijiyoyi biyu da suka taso daga lakar wuya. Ba a cika tunawa da shi ba sai ranar da shaƙuwa ta kama mutum, don shaƙuwa ba komai ba ce illa fizgar wannan tantani.

Na'urar numfashi tana juya al'amarin ne. Maimakon ƙirji ya ja iska, ita ce ke tura ta da ƙarfi ta cikin tiyo. Dabarar ta samo tushe a 1952 a birnin Kofenhagen na ƙasar Danmak, lokacin wata annobar shan inna da ta shanye wa ɗaruruwan mutane, galibi yara, tsokar numfashi. Wani likitan sa barci, Bjørn Ibsen, ya ba da shawarar a huda maƙogwaro a sa tiyo, a riƙa matsa jakar roba da hannu. Ɗaliban likita wajen 1500 suka yi ta karɓa-karɓa dare da rana suna matsa jakunkunan. Kafin nan kusan 9 cikin 10 na masu irin wannan shan inna mutuwa suke yi; bayan an fara sai adadin ya koma ƙasa da rabi. Daga nan aka haifi sashen reyanimasiyo irin na yau.

Shekaru da dama bayan haka, likitoci suna ganin alheri ne a ɗauke wa marar lafiya wahalar numfashi gaba ɗaya, a ba shi maganin barci mai nauyi, a bar na'ura ta yi komai har cutar ta lafa. Tunani ne mai kama da hankali. Sai dai duk wanda aka taɓa ɗaure wa karaya ya san yadda hannu ke fitowa siriri bayan an kwance. Abin da ba a zata ba shi ne tantanin numfashi ya fi tsokar hannu saurin lalacewa, wataƙila saboda bai taɓa sanin zaman banza ba.

Abin da bincike ya gano

A 2008 wata tawagar likitoci a Filadelfiya ta Amurka, ƙarƙashin Sanford Levine, ta duba ɗan yankin tantanin mutane 14 da ƙwaƙwalwarsu ta riga ta mutu, waɗanda na'ura ta yi wa numfashi tsawon awa 18 zuwa 69 ba tare da tantanin ya motsa ko sau ɗaya ba. Aka gwada da na mutane 8 da suka yi awa biyu zuwa uku kawai a kan na'ura lokacin tiyata. Zaruruwan tsokar rukunin farko sun rasa fiye da rabin kaurinsu. Ƙasa da kwana uku ke nan.

A Faransa, Samir Jaber da abokan aikinsa na Monfeliye suka auna ƙarfin tantanin a jikin marasa lafiya masu rai, suka wallafa a 2011 cewa bayan kwana shida a kan na'ura ƙarfin ya ragu da kusan kashi 32 bisa 100. A birnin Paris kuma, wani bincike da Martin Dres ya jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya duba marasa lafiya 76 a ranar da aka fara gwada raba su da na'ura: kashi 63 bisa 100 tantaninsu ya yi rauni, alhali masu raunin hannu da ƙafa kashi 34 ne. Wato mutum na iya damƙe hannun likita da ƙarfi, ya ɗaga ƙafa, a ga kamar ya warware, amma tsokar da ke ɓoye a ƙarƙashin haƙarƙari ba ta da kataɓus.

Ba na'urar kaɗai ke da laifi ba. Cutar da ta bazu cikin jini tana raunana tantanin tun kafin a kai mutum asibiti, haka ma rashin abinci mai gina jiki, ƙarancin wasu gishirin jini irin su fosfat da fotasiyom, da wasu magunguna masu sakin tsoka. To amma waɗannan ba kullum suke hannun likita ba. Yawan taimakon da na'ura ke bayarwa da nauyin maganin barci kuwa, shi ke juya su.

Abin da ke biyo bayan raunin shi ne matsalar da ake kira yaye. Da gaske wannan kalmar likitocin Faransa ke amfani da ita, irin yayen jariri daga nono. Cutar da ta kawo mutum ta warke, huhu ya washe, amma da an cire na'ura sai ya fara haki, gumi ya keto masa, a mayar da shi. An ƙiyasta cewa yaye kan cinye kusan kashi 40 bisa 100 na dukan lokacin da marar lafiya ke yi a kan na'ura. Kowace rana da ta ƙaru kuwa tana ƙara haɗarin ciwon huhu da ke shiga ta tiyo, da gyambon kwanciya, da ruɗewar hankali, ban da kuɗin magani da ke kan dangi.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Saboda haka ne aka daina jiran ranar yaye kafin a tuna da tantani. Gyaran yana farawa tun kwanakin farko, kuma matakinsa na farko ba ya buƙatar sayen komai: rage maganin barci. A shekara ta 2000, John Kress da abokansa a Shikago suka gwada dakatar da maganin kowace safiya har marar lafiya ya farka ya bi umurni, sannan a mayar da shi a kan rabin adadi idan da buƙata. Cikin mutane 128, waɗanda aka yi wa haka sun yi kwana 4,9 a kan na'ura, sauran kuma kwana 7,3. Sama da kwana biyu ke nan aka samu, da magani kaɗan ba da ƙari ba.

Mataki na biyu shi ne gwajin numfashi. Kowace rana a duba: zazzaɓi ya sauka? hawan jini ya daidaita ba tare da magani mai yawa ba? mutum yana tari? iskar oksijen da yake buƙata ta ragu? Idan amsar e ce, sai a bar shi ya yi numfashi da kansa ta cikin tiyon, ko da ɗan tallafi kaɗan, na minti 30 zuwa awa biyu, ma'aikacin jinya na tsaye a kansa. Idan ya jure, a cire tiyo. Idan ya gaza, a mayar da shi ya huta, gobe a sake. Wani gwaji da Wesley Ely ya yi a Amurka a 1996 kan mutane 300 ya nuna wannan duba na kullum ya rage kwanakin na'ura daga 6 zuwa 4,5. Darasin da ke ciki ba mai daɗin ji ba ne ga likitoci: sau da yawa marar lafiya ya shirya tun kafin su lura.

Tsakanin waɗannan gwaje-gwaje, ana saita na'urar ta yadda marar lafiya ne ke fara kowane numfashi, ita kuma ta ƙarasa masa. A nan ne gwanintar take, domin abin yana da baki biyu. Ewan Goligher na Toronto a Kanada ya riƙa auna kaurin tantani kowace rana da na'urar eko, irin wadda ake duba masu juna biyu da ita. Cikin mutane 191, kashi 41 bisa 100 tantaninsu ya sirance da fiye da kashi 10 kafin kwana na huɗu. Waɗannan su ne na'ura ta yi wa aiki fiye da kima. Amma kashi 24 nasu ya ƙara kauri ne, kuma ba kaurin lafiya ba: su ne masu fafutukar jan iska da ƙarfi saboda tallafin ya yi masu kaɗan, kuma ana kyautata zaton rauni ne tsokar ta ji. Duka rukunan biyu sun fi daɗewa a kan na'ura. Waɗanda suka fi saurin rabuwa da ita su ne masu numfashi da ƙoƙari daidai da na mai lafiya da ke zaune yana hutawa. Don haka ba a ce a wahalar da marar lafiya ba. Numfashi mai tsananin ƙarfi yana yaga tsokar, yana kuma ƙara wa huhun da ya riga ya kumbura ciwo.

Akwai kuma waɗanda dole a bar su cikin barci mai nauyi na wasu kwanaki, ko da tantanin zai biya kuɗin. Mai buguwar kai da ƙwaƙwalwarsa ta kumbura bayan haɗarin babur, mai sandarewar tetanus da ɗan motsi ke tayar masa da fizga, mai ciwon huhu mai tsanani da sai an kwantar da shi rubda ciki: a wurinsu rai ne kan gaba. Abin da ya canza shi ne yanzu ana ɗaukar wannan barcin a matsayin bashi da za a biya, ana tambaya kullum ko lokacin rage shi ya yi.

Aikin kine a bakin gado

Jama'a sun san kine, wato ma'aikacin gashi da motsa jiki, da aikin bayan karaya ko shanyewar ɓarin jiki. A reya aikinsa na farawa tun mutum bai farka ba: lanƙwasa gaɓoɓi da miƙe su don kada su sandare, juya shi, taimaka wa majinar ƙirji ta fito. Da ya farka sai a koma zama a kan gado, zama a bakin gado ƙafafu na lilo, tsayuwa, komawa kujera, wani lokaci har ƴan taku kaɗan da tiyon a baki, ana tura na'urar a gefensa. Zama kansa magani ne ga numfashi, don kayan ciki suna sauka su ba tantani fili.

William Schweickert ya gwada wannan a asibitoci biyu na Amurka, sakamakon ya fito a 2009. Cikin mutane 104, kashi 59 bisa 100 na waɗanda aka fara motsa su tun kwanakin farko sun bar asibiti suna iya tafiya, wanka da sa tufafi da kansu, a ɗaya rukunin kuma kashi 35. Ruɗewar hankalinsu ma ta ragu da rabi, daga kwana huɗu zuwa biyu. Wannan sakamako ya sa wasu asibitoci suka ɗauki abin da zafi, har sai da wani babban gwaji mai suna TEAM, wanda Carol Hodgson ta Ostireliya ta jagoranta kan mutane 750, ya ja masu birki a 2022. Ƙara yawan motsa jiki fiye da wanda aka saba bai ƙara komai ba a kwanakin da mutane suka yi raye a wajen asibiti, sai ma matsaloli irin su rikicewar bugun zuciya da faɗuwar oksijen da suka ninka, kashi 9,2 a kan 4,1. Amma a lura: su ma na rukunin da aka gwada da su ana motsa su, ba a bar su kwance ba. Gwajin bai wanke barin mutum shimfiɗe kamar gungume ba. Ya nuna ne kawai cewa wuce gona da iri ba ya biya.

Ga wanda yayensa ya gagara, akwai horo na musamman ga tsokar shan iska. Ƙaramin abu ne na roba mai sifirin a ciki, ana cire na'ura na ɗan lokaci a maƙala shi a bakin tiyo. Iska ba ta shiga sai mutum ya ja da ƙarfin da zai buɗe ƙofar. Ja shida zuwa goma, a mayar da shi kan na'ura ya huta, a sake, har sau huɗu. Ana ƙara taurin sifirin ɗin kaɗan kaɗan yayin da ƙarfi ke dawowa. A wani gwaji na jihar Florida da aka wallafa a 2011, kan mutane 69 da aka kasa yayewa, kashi 71 bisa 100 na masu wannan horo sun rabu da na'ura, a kan kashi 47 na waɗanda aka ba horon jeka-na-yi-ka. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun yarda horon yana ƙara ƙarfin tsoka. Ko yana rage kwanakin na'ura ga kowa, nan ne bakinsu bai zo ɗaya ba. Sharaɗinsa kuma shi ne mutum ya kasance a farke yana fahimtar abin da ake ce masa, wanda ya sake mayar da zancen ga maganin barci.

Ana kuma gwada tsikarar jijiyar tantani da lantarki don ya riƙa motsi ko mutum na barci. Abu ne mai tsada da har yanzu bai fita hannun masu bincike sosai ba.

Inda abin ya shafi Nijar

Tun annobar korona ta 2020 sunan na'urar numfashi ya shiga kunnen jama'a, kuma muhawarar ta tsaya ne kan guda nawa ƙasa ke da su. Tambaya ce mai kyau, amma rabin zance ce. Gadajen reya a ƙasar ba su da yawa, kuma suna tattare ne a manyan asibitoci irin su babban asibitin ƙasa na Yamai, na Lamorde, asibitocin referans na Yamai da Maraɗi, da babban asibitin Damagaram. Masu zuwa can kuwa da yawansu matasa ne: wanda ya yi haɗari a hanya, mai jego da jijjiga ta kama, wanda aka yi wa tiyatar hanji cikin gaggawa, wanda ya sha maganin ƙwari. Mutane ne da iyali ke dogara da ƙarfinsu. A wurin da na'ura ɗaya ke da masu jira, rage wa kowane marar lafiya kwana biyu yana sa ta isa ga ƙarin mutane. Kuma kusan duk dabarun da aka ambata ba kayan waje suke buƙata ba, mutane suke buƙata: ma'aikacin jinya da ba a tara wa gadaje da yawa ba, don wanda aka tasa daga barci yana iya fizge tiyonsa idan ba ido a kansa, kine da ke shiga sashen kullum, ba sai an aika masa takarda ba, da mutum uku ko huɗu da za su kama a zaunar da mai tiyo lafiya. Wannan kasafin albashi ne da horo, wanda ba ya fitowa a hoton bikin miƙa kayan agaji.

Dangi ma suna da nasu rabon. Wanda ya farka da tiyo a maƙogwaro ba ya iya magana, bai san inda yake ba, tsoro kuma yana hargitsa numfashi har a koma ga maganin barci. Muryar uwa, mata ko ƙane da ke gaya masa cikin harshensa ranar da ake ciki, inda yake, da cewa tiyon na ɗan lokaci ne, tana kwantar da shi fiye da yadda ake zato, musamman idan ba ya jin Faransanci. Idan an ga an ɗaga kan gadon, kada a sauke shi don tausayi. Ana barinsa a jingine ne, digiri 30 zuwa 45, don kada abin da ke ciki ya gangaro huhu. Kada a ɗiga masa ruwa, kunu ko rubutu a baki, ko da bayan an cire tiyo, sai ma'aikata sun gwada haɗiyarsa, domin maƙogwaron da ya kwana da tiyo yakan yi kuskure ya aika ruwa huhu. Kuma ba laifi ba ne a tambayi majo ko likita, cikin ladabi, ko an gwada rage maganin barci yau, ko an gwada numfashinsa, ko kine ya zo.

Idan aka cire tiyo sannan aka mayar da shi, wannan ba lallai sakaci ba ne. Ko a manyan asibitocin Turai, mutum 1 zuwa 2 cikin 10 sai an mayar masu cikin kwana biyu ko uku. Sashen da bai taɓa mayar wa kowa ba, mai yiwuwa yana jinkirta cirewa ne fiye da kima.

Bayan sallama raunin yakan bi mutum gida. Dusashewar murya kan wuce cikin kwanaki ko ƴan makonni, amma haki idan ya hau tudu, gajiya, da raunin cinya kan ɗauki watanni. Al'adar hana mai jinya taɓa komai, a shimfiɗa masa tabarma a ɗaki a riƙa kawo masa abinci, tana tsawaita wannan. Abin da kine kan rubuta shi ne tafiya kaɗan sau da yawa a rana, daga ɗaki zuwa zaure, daga zaure zuwa ƙofar gida, ana ƙara nisan kowane mako. Tashi daga kujera da zama sau da dama. Abinci mai wake, ƙwai, nono, kifi ko nama gwargwadon hali. Da nisantar taba da hayaƙin murhu. Haki da ke ƙaruwa maimakon raguwa, zazzaɓi, ƙwarewa duk lokacin shan ruwa, ko wani sauti kamar fito a maƙogwaro makonni bayan cire tiyo, waɗannan na komawa asibiti ne ba tare da jiran ranar da aka rubuta a takarda ba.